Komawa wurin tela: daga ina yadi da zare za su fito?

Tun daga shekarar 2020, lokacin da ƙungiyar UEMOA ta keɓe watan Oktoba domin kiran jama'a su yi amfani da abin da ake yi a gida, maganar tufafin da aka ɗinka cikin ƙasa take ta ƙara ƙarfi a bakin hukumomi da gidajen rediyo. Abubuwan da suka biyo bayan ranar 26 ga Yuli 2023, watau rufe iyakoki da takunkumin CEDEAO, sun ƙara mata nauyi, har ta fita daga zauren taro ta shiga hirar kasuwa da ta bakin titi. Ana cewa mu rage sayen kayan kanti da na gwanjo, waɗanda muke kira bosho, mu koma wurin telanmu na unguwa ya auna mu, ya ɗinka mana daidai jikinmu, kuɗinmu kuma ya tsaya hannun ɗan ƙasa. Magana ce mai daɗin ji, kuma da gaskiya cikinta. Sai dai wajibi ne, jama'a masu karatu, mu ɗauki riga guda mu warware ta zare-zare, domin mu ga abin da yake kwana a Nijar daga cikin kuɗinta da abin da yake ƙetare iyaka.

Da farko ya kamata a gyara kalmar «komawa» ita kanta. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram ko na Tawa bai taɓa barin tela ba a kan tufafin mutunci. Rigar Juma'a, kayan Salla, kayan lefe, ankon biki da na suna, har yau duka sai an kai yadi an yi awo. Abin da ya kuɓuce wa tela shi ne tufafin yau da kullum: rigar yaro da wandonsa, kayan aikin lebura da na ɗan kabu-kabu, rigar sanyi ta lokacin hunturu, da wandon da samari suke yayi. A nan ne dilar bosho da ɗinkakkun kayan ƙasar Sin suka ci kasuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uban ƴaƴa bakwai da ya shiga kasuwa da jika biyar yana iya fitowa da abin da zai rufa wa kowane yaro jiki, alhali kuwa kuɗin nan da wuya su isa yadi da ladan ɗinki na biyu daga cikinsu. Duk wanda yake son a koma wurin tela, da wannan lissafi na magidanci zai fara karawa.

To, mu ɗauki babbar riga ta shadda, irin wadda ake ji da ita ranar Idi. Shaddar da ta fi daraja, wadda ake kira gezna, sunan kamfanin Getzner ne aka hausantar, kuma masaƙarsa tana garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Wadda take biye da ita a araha daga ƙasar Sin take zuwa. In rinanniya ce mai ƙyalli, sau da yawa ta biyo ta hannun marinan Bamako. Ga mata kuwa, atamfar da ake kira ƴar Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda yake aiki a garin Helmond tun 1846. Akwai ta Uniwax daga Abijan. Sauran da suka cika rumfuna, irin su Hitarget, na Sin ne. Zaren ɗinki da na surfani, shafi, maɓalli, zik, allura, almakashi, man keke, ba ko ɗaya da ake ƙerawa a ƙasarmu. Keken kansa, ko tsohon Singer ne da aka gada ko Butterfly na Shanghai, baƙo ne. Abin da ya rage namu cikin rigar nan shi ne idon tela da hannunsa da ƙafarsa, sai ribar ɗan kasuwar da ya kawo yadin, da kuɗin duwan da baitulmali ya karɓa in kayan sun biyo ta ƙofa. Ga riga mai tsada, ladan ɗinki yakan zama ƙaramin kashi in an gwada shi da kuɗin yadi. Ashe mutum yana iya sa tufafin da aka ɗinka a bayan gidansa, mafi yawan kuɗinsa kuwa sun tafi Turai ko Asiya.

Ba haka abin yake a da ba, kuma ba domin yabon zamanin kakanni muke tuna wannan ba. A ƙasar Hausa sana'ar tufafi sarƙa ce mai ƙulli da yawa, kowane ƙulli da mai riƙe da shi. Manomi ya noma kaɗa, mata su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, malami ya zana aska biyu ko aska takwas a gaban riga ya bi da allura. Bature Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus. Rawanin nan ɗan Kura da Buzayen Abzin suke alfahari da shi ta hanyar Damagaram da Agadas yake hawa arewa. A yammacin ƙasarmu ma masaƙa suna da nasu, kamar bargon tera-tera da ake kai wa amarya. Tela a wancan lokaci yana tsakiyar sarƙa, da maƙwabci a gabansa da maƙwabci a bayansa. Yau shi kaɗai ya rage a tsaye, ƙullin da suke gabansa duka sun koma wasu ƙasashe.

Bayan samun mulkin kai an yi ƙoƙarin sake ƙulla sarƙar nan da injuna. Kamfanin Faransa na CFDT ya yaɗa noman kaɗa a kwarin Maggiya da Gulbin Maraɗi, aka kafa injunan gurza a Madawa da Maraɗi. A Yamai aka buɗe masaƙar NITEX a ƙarshen shekarun 1960, wadda daga baya ta zama SONITEXTIL. Manya daga cikin masu karatu suna tune da zannuwanta na ranakun bukukuwan ƙasa. Amma masaƙar ta sha wahalar tsadar lantarki da ta kayan gyara, ga kuma atamfar Nijeriya da take kwararowa da araha duk lokacin da naira ta faɗi. Sashen kaɗi da saƙa ya ja baya, aka koma buga zane bisa farin yadin da ake shigowa da shi. A 1997 aka sayar da ita ga ƴan kasuwar Sin da sunan ENITEX, wannan ma bai maido da ita matsayinta na da ba. Noman kaɗa shi ma ya ragu ƙwarai, domin fari da kuma bukatar manomi ya fara cika rumbunsa da hatsi.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. Kaduna, wadda ta buɗe babbar masaƙarta ta farko a 1957, ta zama cibiyar saƙa ta arewacin Nijeriya mai ɗaukar dubban ma'aikata, amma a cikin shekarun 2000 manyan masaƙunta suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A ranar 1 ga Janairu 2005 yarjejeniyar duniya da take ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta fitar ta ƙare, masaƙun Asiya suka sami filin da babu shinge. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano, inda da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu suke sari, ba ta mutu ba, ƙara girma ma ta yi; abin da ya sake shi ne asalin kayan da ke cikinta. Akwai kuma wani abu da ba mu cika son faɗa ba: Alhazan Maraɗi sun daɗe suna cin riba daga yadin waje da ake saukewa a nan a tsallaka da shi Nijeriya, musamman a shekarun da ta hana shigo da shi. Cinikin ya gina gidaje, ya cika asusun duwan, amma ya koya wa masu jari cewa ribar yadi tana cikin safararsa, ba wanda ya ga dalilin kafa masaƙa.

Tun da kusan kome daga waje yake zuwa, farashin ɗinki a Nijar ya rataya ga abubuwa guda biyu da tela ba shi da iko da su: darajar kuɗi da lafiyar hanya. Na farko an ɗanɗana shi a watan Janairu 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. A ƙa'ida, karya kuɗi yana taimakon mai yin kaya a gida. Amma telan da yadinsa da zarensa da allurarsa duka na waje ne, shi ma tsadar ta hau kansa, masu kawo ɗinki kuwa da yawa suka karkata wajen bosho. Na biyu shi ne abin da aka gani daga 2023. Kafin wannan shekara mafi yawan kayan da Nijar take shigowa da su ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke biyowa, su hau kamyo su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya. Da aka rufe gadar, sai kaya suka koma sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, ta Kaya da Dori su shigo ta Tera. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe cikin 2024 da 2025. Hanya ta ƙara tsawo, kwanakin jira suka ƙaru, kuma kowane kwana da kamyo ya yi a tsaye sai an raba kuɗinsa bisa bandir ɗin yadi da kwalin zare da ke cikinsa.

Ga jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa lamarin yana da wata fuska, domin su Kano ta fi musu kusa da kowace tashar ruwa. Ta Ɗan Isa da Jibiya, ta Magarya, ta Ƙonni da Illela ƙananan kayan ɗinki suke shigowa, wani lokaci cikin jakar fasinja. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna yadda ƙarancin abu ƙanƙane kamar zaren surfani mai launin da ake so yake iya tsai da rigar da aka kashe wa jikkuna masu yawa. Faɗuwar naira daga watan Yuni 2023 kuwa takobi ce mai kaifi biyu. Mai sefa yana sayen yadi da zare a Kano da sauƙi fiye da da, amma haka nan yana sayen kaftani ɗinkakke da hula da arahar da telan Maraɗi ba zai iya bi ba. Abokin gasar telanmu a yau ba Sin kaɗai ba ce, har da ɗan'uwansa na Fagge.

Sai maganar wuta. Keken ƙafa ba ruwansa da NIGELEC, amma aikin wuya da na gaban riga, wanda a nan ne ladan tela yake da ɗan kauri, injin lantarki yake yin sa. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ƙasar take sha daga Nijeriya yake zuwa: layin Birnin Kabi yana ciyar da Yamai, na Katsina yana biyowa ta Gazawa zuwa Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke shi a watan Agusta 2023, shagunan da suka fi zuba jari a injuna su suka fi shan wuya, sai mai halin sayen janareta da mai. Wannan ya kamata masu zagin tela su riƙa tunawa.

Mun ce zagin tela, domin kowa ya san irin sunan da ya yi a kan saɓa alkawari, har ya zama abin ba'a a kowane azumi. Ba za mu wanke shi sarai ba. Akwai masu karɓar yadi suna sane ba za su gama ba, akwai masu rage ƙyalle. Amma a duba yadda shekararsa take. Aikinsa yana taruwa cikin ƴan makwanni kafin ƙaramar Salla da babba da lokacin bukukuwa bayan kaka, sauran watanni kuwa faci ne da rage tsawon wandon bosho. Ba shi da jarin da zai sayi zare da shafi ya ajiye tun farashi yana ƙasa, sai ya jira kuɗin kafin alƙalami daga mai riga, ya aiki yaro kasuwa ya sayo kwarkwaro biyu a farashin ɗai-ɗai, a daidai lokacin da kowane tela na gari yake neman irinsa. Wanda ya san wata uku na zaman banza suna jiransa, da wuya ya mai da yadin da aka kawo masa. Saɓa alkawarin nan rabinsa hali ne, rabinsa rashin jari.

Wasu suna ganin maganin abin shi ne a hana shigo da bosho gaba ɗaya. Akwai ƙasar da ta gwada hanya mai kama da wannan. A 2016 Ruwanda ta ɗaga harajin tsofaffin tufafi daga santi 20 na dalar Amurka zuwa dala 2.5 a kowane kilo. Amurka, wadda ƴan kasuwarta suke cikin masu fitar da kayan, ta mai da martani a 2018 da janye wa tufafin Ruwanda rangwamen shiga kasuwarta a ƙarƙashin tsarin AGOA. Ruwanda ta tsaya kan bakanta. Mu wannan barazana ba ta da tasiri a kanmu, tun da an fitar da Nijar daga AGOA a farkon 2024. Abin da ya kamata ya tsai da mu shi ne tsawon iyakarmu da Nijeriya, wadda ta kai kusan kilomita 1500, da kuma aljihun talaka. A ganinmu, hana bosho kafin a sami yadi mai araha ba zai kai magidanci shagon tela ba; zai kai shi wurin ɗan fasa-ƙwauri, ya sayi abin da ya saba saye da tsada, duwan kuma ta rasa nata. Kada a manta ma dubban mutane da suke ci daga dilar nan, har da telolin da suke gyara ta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Burkina Faso. Shugaba Toma Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙin ƙasar, Faso Dan Fani. Bayansa abin ya yi sanyi, masaƙar Kudugu ma ta rufe, amma saƙin hannu bai mutu ba. A 2023 hukumomin ƙasar suka shigar da shi cikin tufafin ƴan lakwal, a 2024 kuma alƙalai suka fara sa rigunan shari'a da aka yi da shi. Abin lura a nan shi ne dokar tana da ƙasa a ƙarƙashinta: Burkina tana cikin manyan masu noman kaɗa a Afirka, tana da masana'antar kaɗi ta FILSAH a Bobo Julaso mai ba masaƙa zare, tana da dubban mata masu saƙa. Duk da haka mafi yawan kaɗarta ɗanya take fita. Mu da kaɗarmu ba ta taka kara ta karya ba, in muka kwaikwayi dokar ba tare da zaren ba, za mu tilasta wa ma'aikaci sayen abin da babu shi a kasuwa. Amma tun da Nijar da Mali da Burkina sun haɗu cikin ƙawancen AES a watan Satumba 2023, biyu daga cikinsu kuma manyan manoman kaɗa ne, tambayar da ta dace a kai teburin ministocin ciniki ita ce ta yadda zaren Bobo da yadin Segu za su iso masaƙanmu da telolinmu da sauƙin haraji. Zare ba ya bukatar tashar jirgin ruwa.

Ta fuskar gwaninta ba mu da abin jin kunya. Alphadi ya kafa bikin FIMA a 1998 a cikin rairayin Tigidit kusa da Agadas, ya sa duniya ta san da maɗinkan Afirka. Kasuwar baje kolin SAFEM a Yamai tana nuna aikin hannun mata. Cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi suna yaye ƴan mata da samari masu ɗinki kowace shekara. Sai dai yarinyar da aka ba takardar shaida da keke ɗaya, aka sallame ta ta je ta sayi zare kwarkwaro-kwarkwaro, an ƙara mutum guda ne cikin masu jiran azumi.

Abin da yake hannunmu tun yanzu bai kai gina masaƙa tsada ba. Telolin gari ɗaya, in suka haɗa kuɗi ta hanyar ƙungiyarsu ko ta majalisar masu sana'ar hannu, suna iya sarin zare da shafi da zik da allura kwali-kwali tun watan Rajab, su raba a farashin sari. Mata sun daɗe da sanin wannan dabara cikin adashi. Hukuma kuwa ita ce babbar mai sayen tufafi a ƙasar nan: kayan soja da na jandarma da na ƴan sanda, rigunan ma'aikatan asibiti, zannuwan gadajen marasa lafiya, tufafin ƴan lakwal inda ake sa su. Waɗannan ɗinki ne da ba ya jiran Salla. In aka rarraba kwangilarsu ƙanana-ƙanana yadda ƙungiyar teloli ta Tasawa ko ta Madawa za ta iya ɗauka, shago zai sami aikin watannin rani, mai shago ya iya riƙe yaransa. Sharaɗin shi ne a biya a kan lokaci, domin babban ɗan kwangila yana iya jiran baitulmali wata shida, tela kuwa ba zai kai wata ɗaya ba sai ya sayar da keke.

Su ma telolin akwai abin da ya rage gare su. Ɗinkin awo, mutum ɗaya riga ɗaya, ba zai taɓa yin arahar da zai tufatar da yaran gida duka ba. Mai son ƙwato kasuwar yau da kullum sai ya koyi yanka riguna ashirin a kan ma'auni guda, ƙarami da matsakaici da babba, ya ɗinka su lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya rataye a kai kasuwar mako. Telolin Kano sun riga sun kama wannan hanya, shi ya sa kaftaninsu yake isowa Maraɗi a cikin leda da lambar girmansa a wuya. Kuma duk wannan yana bukatar mutumin da ba a cika ambatonsa a wurin taro ba, watau mai gyaran keke. A garuruwa da yawa injin surfani in ya lalace sai an ɗauke shi zuwa babban birni ko a tsallaka da shi iyaka, ya yi makwanni, ana tsakiyar azumi. Cibiyoyin koyon sana'a da suke yaye masu ɗinki ɗari ya kamata su yaye masu gyara ko da biyar ne, a kuma sauƙaƙa kuɗin duwan a kan kayan gyaran da suke bukata.